Na canja SFP daga 1G zuwa 10G, fitila ta kama amma VLAN ba sa wucewa

Ƙanena, ga tambayarka yadda na fahimce ta: kuna da faiba singil mod mai tsawon kamar mita 600 tsakanin ginin ofis da ɗakin kwamfutocin makarantarku, gefe ɗaya siwicin MikroTik CRS328 ne, ɗaya gefen siwicin Juniper EX2300, shekara da shekaru layin na tafiya da SFP na 1G, wato ɗan modul ɗin da ake cusawa a ramin siwici a haɗa mishi faiba, sai aka sayo SFP+ na 10G LR guda biyu ka zare tsofaffin ka cusa sababbin. Da farko ko fitila ba ta kama ba, ka yi ta 'yan taɓe-taɓe a Winbox, manhajar saita MikroTik, har ta kama, amma duk da haka babu VLAN ko ɗaya da ke wucewa, wato ƙananan netwok ɗin da aka rarraba suke bin waya ɗaya. Shi ne kake tambaya wai shin siwici ba ya gyara saitinsa da kansa ne in an canja mishi modul, sannan a bar komai a oto ne siwici ya zaɓa da kansa ko a ɗaure da hannu.

Toh kar ka mayar wa mai shago kayansa tukunna, alamu duk sun nuna modul ɗinka lafiyarsu ƙalau. Matsala biyu ce ta haɗe maka a yini ɗaya, kowacce a nata gefen, ka warware ɗaya ba tare da ka san me ka taɓa ba, ta biyun kuma tana nan tana jiranka a Juniper.

Bari in fara da abin da ke cikin modul ɗin don sauran maganar ta zauna. A cikin kowanne akwai 'yar ƙwaƙwalwa, EEPROM, wadda siwici ke karantawa ta hanyar I2C da zarar ka tura shi ya yi ƙas. A adireshin A0h aka rubuta takardar shaidarsa, ni wane iri ne, wane kamfani ya yi ni, lambata kaza, haskena na nanomita 850 ne ko 1310 ko 1550, nisan da zan iya kaiwa kaza. A A2h kuma ake ajiye abin da yake ji a jikinsa a daidai lokacin, zafinsa, wutar da ke shigar mishi, ƙarfin hasken da yake fitarwa da wanda yake karɓa. Ƙa'idar SFF-8472 ce ta tsara wannan. Abin da nake so ka riƙe shi ne modul gabatar da kansa kawai yake yi, baƙo ne, ba shi da ikon ce wa siwici goge abin da mai gida ya rubuta. Siwici zai karanta shaidar, ya waiwaya ya dubi konfig ɗinka, in sun yi karo to maganarka ce a sama ko da kuwa maganar ta shekara uku ce kuma wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin wurin.

Shi ya sa ni kullum a kaina saitin fot kashi biyu ne, duk da cewa a allo a jere suke kamar abu ɗaya. Akwai na aikin fot ɗin, wato wannan ramin me yake yi a netwok, tirank ne mai ɗaukar VLAN da yawa ko na kwamfuta ɗaya, waɗanne VLAN ne ke bi ta cikinsa, MTU wato iyakar girman ƙunshin bayani nawa, yana cikin wani LAG wato layuka da aka haɗe su zama ɗaya ko a'a, wane laƙabi aka sa mishi. Wannan ba ruwansa da ko me ka cusa a ramin, dole ya zauna. Akwai kuma na jikin modul, gudu, cinikin oto, FEC mai gyara kurakuran layi, raba fot ɗaya gida huɗu, wannan kam nashi ne, in ya fita ya kamata su bi shi. Kusan duk wahalar da na taɓa gani a canjin modul ɗayan biyu ce, ko saitin tsohon modul ya ƙi tafiya ya shaƙe sabon, ko saitin aikin fot ya bi tsohon ya tafi. Kai kuma Allah ya haɗa maka duka biyun.

Na MikroTik shi ne na farkon. In ka buɗe taminal ka buga

/interface ethernet export

ko ka duba tsohon bakof in kana dashi, ina kyautata zaton za ka ga sfp-sfpplus ɗin nan an taɓa sa mishi auto-negotiation=no tare da gudun 1G. Ba laifi wanda ya sa ya yi ba, haka ake yi sau da yawa in za a sa SFP na 1G a ramin SFP+ musamman in ɗaya gefen na wani kamfani ne. To fot ɗin an ɗaure shi yana magana a 1.25 gigabod da tsarin 8b/10b, ka kawo mishi modul da abokin magana masu son 10.3125 da tsarin 64b/66b, ka ga ai ko gaisawa ba za su yi ba. Taɓe-taɓen da ka yi a Winbox ko dai ka mayar da oto ne ko ka zaɓi 10G, shi ne fitila ta kama. A RouterOS 6, manhajar da ke cikin MikroTik, ana rubuta speed=1Gbps ko 10Gbps, a sababbin 7 kuma sunayen sun koma irin 1G-baseX da 10G-baseSR-LR, don haka in ka kwafo umarni daga tsohon rubutu ya ƙi shiga ba wai kayanka ne suka lalace ba.

Maganar oto ko ɗaurewa kuwa, a nan mutane da yawa ke ruɗewa saboda sun saba da wayar RJ45. A RJ45 ciniki ne na gaske, wannan ya ce ina da 1000 da 100 da 10, wancan ya ce ni 100 ce iyakata, su daidaita a 100 a wuce wurin. A faiba ba haka abin yake ba. A 1G akwai abin da ake kira oto ɗin, amma ba a taya gudu a ciki, farashi ɗaya ne ba ragi, abin da suke tattaunawa su duplex ne da pause da sanar da juna in wani ya ga matsala. Kuma yana da wata mugunta, in gefe ɗaya ya kunna ɗaya ya kashe, sau da yawa wanda ya kashe zai nuna maka layi ya tashi fitila kore shar, wanda ya kunna kuma yana can yana jiran a amsa mishi sallama, a wurinsa layi a kwance yake. Duk ranar da ka ga layin 1G ya tashi a gefe ɗaya kawai to fara da nan kafin ka zargi mai haɗa faiba. A Cisco maganinsa speed nonegotiate ne, a Juniper no-auto-negotiation. A 10G irin SR na gajeren zango da LR na dogon zango kuwa babu cinikin ma kwata-kwata, kalmar oto a nan ma'anarta kawai siwici ya karanta EEPROM ya zaɓi gudun da modul ya ce nashi ne. Wato modul na 10G ba zai sauko 1G don ya ga maƙwabcinsa na 1G ne ba, sai fa irin masu gudu biyu da ake rubuta musu 1G/10G a jiki, su ma yawanci sai ka gaya wa fot wanne kake so.

To ra'ayina, ka bar shi a oto matuƙar yana tashi a oto, ka ɗaure ne kawai in ya ƙi, in kuma ka ɗaure ka ɗaure gefe biyun iri ɗaya, sannan ka rubuta a laƙabin fot ɗin cewa an ɗaure a 1G saboda modul kaza. Wannan ɗan rubutun da an yi maka shi da ba ka ɓata yininka ba.

Yanzu Juniper. Shi Junos, manhajar da ke cikin Juniper, sunan fot ɗin ma kansa yana bin abin da ka cusa ne. In SFP na 1G ne a ramin farko na oflink, wato ramukan haɗa siwici da siwici, sunansa ge-0/1/0, ka zare ka sa SFP+ na 10G a wannan ramin dai sai ya zama xe-0/1/0, a manyan siwici masu 25G da 40G da 100G kuma et- za ka gani. Duk tirank ɗinka da VLAN ɗinka suna ƙarƙashin ge-0/1/0, ba su goge ba, suna nan daram a konfig, sai dai an rubuta su ne wa wani fot da a yanzu babu shi. Shi kuma xe-0/1/0 da ya bayyana ko dai babu komai a ƙarƙashinsa ko saitin da ya zo dashi daga kamfani ne, shi ya sa haske ke wucewa fitila ke ci amma firam mai alamar VLAN in ya iso sai a watsar dashi. Buga show interfaces terse za ka ga xe ɗin a sama ge ɗin ya ɓace. Sannan ka buga

show configuration | display set | match ge-0/1/0

don ka ga duk inda aka ambaci tsohon sunan, don ba a ƙarƙashin interfaces kawai yake ɓoyewa ba, yana iya kasancewa a rstp, a lldp, a cikin wani interface-range, ko a ƙarƙashin vlans in tsohon salo aka bi. Gyaran kuma ba wuya, ka shiga edit, in akwai wani abu a xe-0/1/0 ka goge shi, sai

copy interfaces ge-0/1/0 to xe-0/1/0

ka shiga cikin sabon ka cire duk wani speed ko no-auto-negotiation da ya biyo, don wannan kayan tsohon modul ne, ka ƙara xe ɗin a sauran wuraren da ka gani, sai commit confirmed 5. Akwai replace pattern da zai canja sunan ko'ina a bugu ɗaya, amma ni na fi son copy, saboda Junos ba ya hana ka ajiye saitin fot ɗin da ba ya nan. In ka bar ge da xe duka biyun da saiti iri ɗaya, ranar da na 10G ya mutu da daddare aka lalubo tsohon na 1G a durowa aka cusa, gefen Juniper zai ɗauka ba sai an tashe ka ba. Illarsa ɗaya, duk VLAN ɗin da ka ƙara nan gaba sai ka tuna ka ƙara a biyun, shi ya sa ya fi kyau ka zuba su a interface-range ɗaya ka riƙa gyara a wuri guda.

Ba kowane kamfani ke yin haka ba fa. A MikroTik suna ba ya canjawa, a yawancin Cisco ma sunan na ramin ne, saiti na nan yadda ka bar shi, wanda hakan ke nufin matsalarsu irin ta farkon ce. A wasu siwicin Cisco Nexus in ka sa SFP na 1G a fot na 10G ba ka rubuta speed 1000 ba zai ce maka SFP validation failed, ka ɗauka modul ɗin jabu ne alhali gudu ne bai dace ba, in kuma ka dawo da na 10G ka manta speed 1000 na nan, ka sake faɗawa ramin daga ɗaya ɓangaren. Sai kuma fot ɗin da ake kira kombo, RJ45 ɗaya da ramin SFP ɗaya masu lamba ɗaya, ɗaya ne kawai ke aiki a lokaci guda, in an taɓa ɗaure shi a RJ45 da media-type a Cisco ko combo-port a Huawei to ko modul na zinare ka sa ba zai kula ka ba.

Abin da ba ka tambaya ba amma zai same ka bayan VLAN sun fara wucewa shi ne abubuwan da suke lissafi da gudun fot a bayan fage. Spanning tree na farko, shi ne ke sa wa kowace hanya lamba da ake kira kuɗin hanya, ya bi mai arha ya toshe sauran. A dogon lissafi kuɗin hanyar 1G 20000 ne, na 10G 2000, a gajeren lissafi na da kuma 4 da 2. In kuna da wata hanya ta biyu tsakanin gine-ginen, ko rediyo ce ko wata tsohuwar waya, canjin nan zai iya sauya wacce ake bi da wacce aka toshe, yawanci ta inda kake so, amma in wani ya taɓa rubuta kuɗin hanya da hannu a tsohon fot to lissafin ba zai motsa ba, a Juniper ma rubutun na kan ge ne bai bi xe ba. LAG na biyu, 'yan ƙungiya ɗaya gudunsu ɗaya ake so, in kana da layi biyu na 1G a haɗe ka canja ɗaya zuwa 10G yawancin siwici za su fitar da ɗaya daga ƙungiyar, don haka ka cire shi daga LAG ɗin da hannunka kafin ka taɓa. OSPF mai zaɓar hanya tsakanin rautoci a Cisco IOS kuwa abin dariya ne, ma'auninsa na asali 100 Mbps ne, saboda haka 1G da 10G duk kuɗinsu 1, ka kashe kuɗi ka ɗaga layi shi ko a jikinsa sai ka gyara reference-bandwidth a duk rautocin. Sannan ka leƙa ko akwai wata iyakar gudu da aka sa tun zamanin 1G, irin 900M ɗin nan da ake sawa a manta, kuma a CRS ka tabbata fot ɗin na da alamar H a jerin fot na bridge, don in ba guntun siwicin ke tura kayan ba sai sun bi ta CPU, 10G ɗin a takarda kawai za ka gan shi.

Na'urar sa ido ma haka. In kuna da Zabbix ko LibreNMS ko makamancinsu, xe-0/1/0 sabon fot ne a wurinta mai sabuwar lambar SNMP, tsohon giraf zai miƙe a sifili ana ta turo maka saƙon layi ya faɗi, sabon kuma ba mai kallonsa. Kuma ka duba da wane ma'ƙirgi take karatu, mai bit 32 yana cika ya koma sifili cikin kamar daƙiƙa 34 in layin 1G ya cika, a 10G kuwa daƙiƙa uku da 'yan kai, giraf ɗin zai zama shirme, sai ka koma kan masu bit 64 irin ifHCInOctets.

Wani abu da ya taɓa faruwa da ni, kuma laifina ne ba na kowa ba. Akwai wani wuri da muke kula dashi kusan tafiyar awa uku daga Kano, na aika wa yaron da ke wurin sababbin modul na ce ya canja ina kan waya, na manta sam cewa ta wannan layin dai nake shiga siwicin can. Yana zarewa na rasa siwicin, ya sa sabon, gudu a ɗaure a tsohon, ya ce oga fitila ba ta kama ba, na ce mayar da tsohon, ashe garin zarewa ya fizgi ɗan marfin da ake ja ya karye modul ɗin ya ƙi zama. Ba wayar konsol a wurin, ba laftof. Washegari da asuba ina tasha, aikin layi ɗaya na rubutu ya ci mini yini guda da kuɗin mota. Tun daga ranar tsarina ɗaya ne, gefen nesa ake fara gyarawa, kuma saiti kafin ƙarfe. Wato kafin kowa ya taɓa modul na riga na ajiye bakof, na shirya saitin da sabon zai tarar, na saki gudun da aka ɗaure in sakinsa ba zai yanke ni ba, in zai yanke ni kuma to sai akwai mutum a can da konsol a hannu. Kowane kamfani ya ba ka igiyar tsira, commit confirmed a Juniper wanda in ba ka sake commit ba cikin mintunan da ka faɗa zai koma yadda yake, Safe Mode a MikroTik, reload in 10 a Cisco matuƙar ba ka yi sebin ba. Amfani dasu ba tsoro ba ne.

Wurin canjin kansa, ana iya zarewa da wuta a kunne, don haka aka yi su. Amma ni ina kashe fot ɗin tukunna a konfig, in cire faibar daga modul, sannan in saukar da marfin in ja, in ɗan jira kamar daƙiƙa goma kafin in sa sabon don siwici ya gama gane cewa ramin ya zama fanko. In ka yi sauri wani lokacin sai ya ci gaba da nuna maka bayanan tsohon, ka zare ka sake sawa a hankali ya wartsake. In sabon ya shiga ka fara tambayar siwici me ya gani kafin ka haɗa faiba, a MikroTik

/interface ethernet monitor sfp-sfpplus1

a Juniper show chassis hardware da show interfaces diagnostics optics xe-0/1/0, a Linux ethtool -m. In sunan kamfani da lambar modul da 1310 sun fito daidai to shaida ta karantu, sauran magana ta saiti ce ko ta haske.

Hasken kuma lamba ce ba hasashe ba. 10G LR yana fitar da tsakanin -8.2 zuwa +0.5 dBm, wato ma'aunin ƙarfin haske, yana karɓar daga +0.5 har ƙasa zuwa -14.4. A mita 600 ya kamata abin da kake karɓa ya yi kusa da abin da ɗaya gefen ke fitarwa, bambancin dB ɗaya ko ƙasa da biyu. In ka ga wancan na fitar da -2 kai kana karɓar -11, layi zai tashi amma akwai datti ko lanƙwasa ko mugun haɗi a hanya, kuma kowane 3 dB rabin hasken ne ya tafi. In ka ga -40 ba haske sam, juya wayoyin biyu, ƙila mai fitarwa na kallon mai fitarwa. A nan ne 1G ke rufa wa faiba asiri shekaru, don LX, modul ɗin 1G na singil mod, yana jure haske har wajen -19, ranar da aka sa 10G sai asirin ya tonu a ce sabon modul ne ba kyau. Mu da muke cikin ƙurar hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne, cibiyar faibar singil mod maikiron 9 ce kacal, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare ta, don haka duk kan da ka cire ka rufe shi da hularsa nan take, ka goge da alƙalamin gogewa kafin ka mayar, ba da gefen riga ba, kuma kar ka leƙa ciki da ido don hasken 1310 ba a ganinsa. Wani kuskuren da nake yawan gani shi ne a sayo ER na kilomita 40 ko ZR na 80 wai ai mai ƙarfi ya fi, a sa a layin mita ɗari biyar. ER na iya fitar da har +4 alhali mai karɓarsa -1 ce iyakarsa, sai kurakurai su yi ta taruwa ko ma mai karɓar ya lalace, in dole sai dashi to a sa mai rage haske a tsakani. Kai LR ka saya, ba ka buƙatar wannan. In kuma faibarku silli ɗaya ce mai BiDi, su biyu-biyu suke kamar takalmi, a 10G ɗaya na fitar da 1270 ya karɓi 1330, ɗayan akasin haka, in ka canja gefe ɗaya da ƙafar da ba ita ba shiru za ka ji.

Maganar kamfani ya ƙi modul ɗin wani kuwa, ka yi sa'a kayanka biyun ba su cika tsanantawa ba. Cisco na duba abin da ke EEPROM, in bai gamsu ba ya jefa fot a err-disabled, mutane na buɗewa da service unsupported-transceiver tare da no errdisable detect cause gbic-invalid, kuma ko ka canja zuwa modul ɗin da yake so fot ɗin ba lallai ya farfaɗo ba sai ka yi shutdown da no shutdown. Wasu katunan Intel na saba ma haka, direban ixgbe na da allow_unsupported_sfp=1. Mafi sauƙi dai ka gaya wa mai sayarwa a wane siwici za ka sa, ya ba ka wanda aka rubuta wa shaidar da ta dace.

Ranar da kuka haura 25G ko 100G akwai ƙarin saiti ɗaya na jikin modul da zai shigo, FEC, kuma shi ne sarkin layi ya ƙi tashi alhali haske lafiya lau. Akwai RS, akwai BASE-R, akwai a kashe, dole gefe biyu su zama iri ɗaya, 25G SR da 100G SR4 suna son RS, 100G LR4 kuma an yi shi ne ya yi aiki ba FEC, to ka ga in ka zare SR4 ka sa LR4 ka bar RS a ɗaure a gefe ɗaya ka sayi rigima. Wasu siwicin kuma irin QFX5120-48Y na Juniper fot huɗu-huɗu suke raba gudu, ka mayar da ɗaya 25G sauran ukun sun bi shi, wanda ke kusa da kai yana zaman lafiya da 10G ɗinsa ka kashe mishi layi. Raba ramin QSFP ɗaya na 40G zuwa 10G huɗu ma sunaye ne ke canjawa gaba ɗaya, a Juniper su koma masu :0 zuwa :3 a ƙarshe, irin matsalarka ta yau sau huɗu.

Ɗan gargaɗi kan modul na 10G mai kan RJ45, tunda na san in aka ga ramuka huɗu a CRS328 sai an yi sha'awar cika su. Suna jan wajen wat biyu da rabi alhali na faiba wajen wat ɗaya yake ci, yawancinsu mita 30 ce iyakarsu, kuma zafi suke kamar dutsen guga. Modul na kasuwa an yi shi ne ya yi aiki daga 0 zuwa 70 a ma'aunin Selsiyas, to ka ɗauki rak a ɗakin da ba AC a watan Afrilu, waje ma ya haura 40, an ɗauke wuta fanka ta tsaya inbata na riƙe da siwici, za ka ga layi na faɗuwa da azahar yana dawowa da magariba ka rasa dalili. MikroTik da kansu suna ba da shawarar kar a jera nasu modul ɗin S+RJ10 kusa da juna a na'urar da ba ta da fanka. In saba na cikin rak ɗaya da siwici ka sayi wayar DAC, wayar jan ƙarfe mai kan SFP a manne gefe biyu, ta mita ɗaya ko uku, ta fi arha kuma ba ta zafi.

Kai dai yanzu je ka Juniper da wayar konsol, ba ta netwok ba tunda oflink ɗin ne ba ya wucewa da VLAN, ka yi wancan match ɗin ka kwafe ge zuwa xe kamar yadda na faɗa. A MikroTik kuma ka tabbata abin da ka taɓa ya zauna a oto ko a 10G, ka duba ba ka fitar da fot ɗin daga bridge ko ka taɓa jerin tagged garin lalube ba. In bayan haka akwai VLAN ɗin da ya ƙi, turo mini sakamakon show interfaces terse da show vlans da na monitor ɗin sfp-sfpplus1 gaba ɗaya har da lambobin rx da tx na gefe biyun, ka goge adireshin IP da sunan makarantar kafin ka turo.